Johannesburg: Tarihin Birnin Da Zinariya Ta Gina



Gabatarwa

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin manyan biranen duniya zai lura cewa kusan kowannensu yana da dalilin kafuwa wanda ido ke iya gani. Alƙahira da Bagadaza a bakin kogi suke, Legas da Iskandariyya a bakin teku, Kano kuwa ta tashi ne a gindin Dala, cikin ƙasa mai albarkar noma inda hanyoyin fatake suka haɗu. Birnin Johannesburg na ƙasar Afirka ta Kudu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu babban kogi a kusa da shi, teku kuma tana nesa da shi da ɗaruruwan kilomitoci. A kan wani tudu yake zaune mai tsayin kusan mita 1,750, inda sanyin hunturu ke busar da ciyawa ƙayau. Abin da ya tara jama'a a wurin yana ƙarƙashin ƙasa ne, wato zinariya.

A shekarar 1885 babu komai a wajen sai gonakin kiwo warwatse. Amma a ƙidayar da aka yi a 2022 an sami mutane kimanin miliyan 4.8 a cikin birnin. Mai karatu na iya ɗaukar garin a matsayin wata uwa duniya mai nisa, alhali hedikwatar kamfanin MTN, wanda layinsa ke cikin wayoyin miliyoyin mutanenmu, da ta Standard Bank, uwar bankin Stanbic IBTC, duk a can suke. A wannan maƙala za mu bi sawun yadda garin ya kafu, da waɗanda suka yi haƙar, da waɗanda suka kwashi ribar, da kuma abin da ya saura bayan zinariyar ta ja baya.

Kafin Zuwan Mahaƙa

Sunan tudun da birnin ke kai Witwatersrand, ma'anarsa a harshen Turawan Boer shi ne tudun fararen ruwaye. Daga wannan suna aka yanko sunan kuɗin ƙasar, wato Rand, wanda aka fara kashewa a 1961. Wurin bai taɓa zama kufai ba. Al'ummomin Sotho da Tswana sun daɗe suna noma da kiwo a yankin, har ma an tono murhun narka tama na mutanen da a tsaunin Melville Koppies da ke cikin birnin a yanzu. Yaƙe-yaƙen zamanin Mzilikazi, a shekarun 1820 da 1830, sun tarwatsa garuruwa da dama. A bayansu sai ga Turawan Boer, jikokin mutanen Holan da suka daɗe a gaɓar Cape, sun kutso arewa da amalanken shanunsu domin guje wa mulkin Ingila. Suka yanka ƙasar gona-gona, suka kafa jamhuriyarsu ta Transvaal mai hedikwata a Pretoria.

Shekarar 1886

A cikin 1886 wani mai yawon neman ma'adinai da ya zo daga Ostareliya, George Harrison, ya ci karo da dutse mai zinariya a wata gona da ake kira Langlaagte. Ana ba da labarin cewa ya sayar da rabonsa a kan fam 10 kacal ya yi gaba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. A watan Satumba na wannan shekara shugaban Transvaal, Paul Kruger, ya shelanta buɗe gonakin yankin ga masu haƙa. Kafin a ankara wurin ya cika da tantuna da rumfunan kwano.

Gwamnati ta zaɓi wani ragowar fili mai kusurwa uku da ya saura a tsakanin gonaki, mai suna Randjeslaagte, domin a kafa gari. An yi gwanjon fulotai na farko a ranar 8 ga Disamba, 1886. Da yake hukuma ta zaci garin ba zai daɗe ba, kamar sauran sansanonin mahaƙa da aka saba gani suna tashi suna mutuwa, sai aka yanka unguwannin ƙanana-ƙanana domin a sami fulotan kusurwa da yawa, waɗanda suka fi tsada. Shi ya sa har yau titunan tsakiyar birnin suke kusa da juna, mahaɗa bayan mahaɗa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan asalin sunan garin, amma ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne an ɗauko shi daga sunayen jami'an gwamnati biyu, Johann Rissik da Christiaan Johannes Joubert. Baƙaƙen fata kuwa nasu sunan suka raɗa masa. Zulu suka ce eGoli, Sotho suka ce Gauteng, duka biyun ma'anarsu wurin zinariya. Shekara goma da kafuwa, a ƙidayar 1896, mutanen garin sun haura dubu 100.

Irin Zinariyar Da Ke Wurin

Ba za a fahimci tarihin wannan birni ba sai an fahimci yanayin zinariyarsa, domin daga nan komai ya samo asali. Zinariyar Witwatersrand ba irin wadda mutum zai tsinta dunƙule a bakin rafi ba ce. Ƙura ce ƙanana da ke manne a cikin dutse mai tauri, har tan guda na dutsen ba ya ba da fiye da 'yan giram. Sai dai jijiyar dutsen tana da tsawon gaske, kuma ta karkata ta nutsa cikin ƙasa ta fuskar kudu. Ke nan mai diga da shebur ba shi da abin yi a wurin. Aikin yana buƙatar injunan niƙa dutse, da nakiya, da rijiyoyi masu zurfi, da jari mai yawa. Waɗanda suke da irin wannan jari su ne attajiran da suka riga suka yi kuɗi a mahaƙar lu'ulu'u ta Kimberley, irin su Cecil Rhodes, da Alfred Beit, da Barney Barnato, da J.B. Robinson. Cikin ɗan lokaci suka saye ƙananan mahaƙa. A 1887 aka buɗe kasuwar hannun jari ta Johannesburg, a 1889 kuma masu ma'adinan suka tsayar da majalisarsu ta haɗin gwiwa.

A wajen 1889 zuwa 1890 garin ya kusa mutuwa. Da haƙa ta yi zurfi sai aka tarar da wani nau'in dutse wanda zaibar da ake tace zinariya da ita ba ta iya ciro masa abin kirki. Hannun jari ya faɗi, mutane da yawa suka tattara komatsansu. Abin da ya ceci garin shi ne wata sabuwar dabara ta tacewa da sinadarin sayanayid, wadda John MacArthur da 'yan uwa biyu masu suna Forrest suka ƙirƙiro a birnin Glasgow, aka kuma kawo ta a 1890. Daga nan aiki ya dawo gadan-gadan. Jirgin ƙasa ya iso daga Cape a 1892, kuma zuwa 1898 Transvaal na fitar da fiye da rubu'in zinariyar da ake haƙowa a duniya baki ɗaya.

Akwai abu na biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. A mafi yawan wannan zamani farashin zinariya a ƙayyade yake, domin da ita manyan ƙasashe ke auna darajar kuɗinsu. Daga 1934, alal misali, Amurka ta tsayar da shi a kan dala 35 kowane oza, haka kuma ya zauna fiye da shekara talatin. Mai ma'adini ba shi da ikon ƙara kuɗin hajarsa, ga shi kuma kullum rami ƙara zurfi yake yi, injuna na ƙara tsada. Ƙofa ɗaya ta rage masa ta samun riba, ita ce matse ladan lebura. Yawancin dokokin zaluncin da za mu ambata a gaba wannan lissafi ne ya haife su.

Zinariya Ta Jawo Yaƙi

Dukiyar da ta ɓullo ta mai da matalauciyar jamhuriyar manoma ta zama mafi arziki a kudancin Afirka, abin da bai yi wa Ingila daɗi ba. Baƙin Turawa da suka cika Johannesburg, yawancinsu masu jin Ingilishi, suna ƙorafin cewa su ke biyan haraji amma an hana su ƙuri'a. Masu ma'adinai kuma suna kukan tsadar nakiya da kuɗin jirgin ƙasa. A ƙarshen Disamba 1895 Leander Starr Jameson, na hannun daman Rhodes, ya tsallako iyaka da mahaya ɗauke da makamai da nufin tayar da bore a garin. Boren bai tashi ba, aka kuma kama shi a Doornkop a ranar 2 ga Janairu, 1896.

Abin da ya gagara ta hanyar makirci sai aka neme shi ta hanyar yaƙi. An gwabza daga Oktoba 1899 zuwa Mayu 1902. Sojojin Ingila sun shiga Johannesburg a ranar 31 ga Mayu, 1900, daga baya suka bi gonakin Boer suna ƙonawa, suna tsare iyalansu a sansanoni. Mata da yaran Boer fiye da dubu 26 suka mutu a waɗannan sansanoni saboda yunwa da cuta, haka nan baƙaƙen fata aƙalla dubu 14 da aka iya ƙirgawa a nasu sansanonin, waɗanda aka daɗe ba a ko ambatonsu. An yi sulhu ƙasa da shekara guda kafin sojojin Lugard su ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1910 kuma Turawan biyu, Ingilishi da Boer, suka haɗa kai suka kafa Tarayyar Afirka ta Kudu, suka bar masu ƙasar a waje.

Waɗanda Suka Shiga Ramin

Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manomin da ke da gonarsa da shanunsa ba zai yarda ya shiga rami mai duhu a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, sai an tilasta masa. An bi hanyoyi uku wajen tilastawar. Ta farko ita ce harajin da dole a biya shi da tsabar kuɗi. Ta biyu ƙwace ƙasa, domin dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, daga baya a 1936 aka ɗaga zuwa kusan kashi 13. Ta uku takardar fas, wadda idan babu ita baƙar fata ba shi da izinin zama ko yawo a gari. Bayan haka masu ma'adinai suka haɗa baki suka kafa hukumar ɗaukar leburori guda, wadda aka fi sani da Wenela, domin kada gasa a tsakaninsu ta ɗaga lada. Wakilanta suka bazu har Mozambik da Malawi da sauran ƙasashen maƙwabta. Da leburori suka yi ƙaranci bayan yaƙi, an shigo da 'yan Sin fiye da dubu 60 tsakanin 1904 da 1910, sannan aka mayar da su gida.

Lebura yakan zo ne da yarjejeniyar wasu watanni, a ajiye shi a barikin maza zalla, ya kwana a kan gadon siminti, matarsa da 'ya'yansa suna can ƙauye. Idan ya tsufa ko ya kamu da cuta sai a sallame shi ya koma gida, ƙauyen ya ɗauki nauyin jinyarsa. Cutar da ta fi kashe su ita ce ta ƙurar dutse da ke taruwa a huhu har numfashi ya gagara, wadda kuma ke buɗe wa tarin fuka ƙofa. Masanin tattalin arziki Francis Wilson ya nuna a bincikensa cewa idan aka auna da tsadar rayuwa, ladan baƙar fata mai haƙar zinariya a 1969 bai fi na 1911 ba.

Turawa ma'aikata kuwa doka ta keɓe musu ayyukan ƙwarewa tun 1911. Da masu ma'adinai suka nemi sassauta wannan domin rage kashe kuɗi, sai Turawan suka yi tawaye a 1922, suna kiran ma'aikata su haɗa kai domin ƙasar ta ci gaba da zama ta farar fata. Firayim Minista Jan Smuts ya murƙushe su da igwa da jiragen sama, mutane fiye da 150 suka mutu. A watan Agusta 1946 baƙaƙen mahaƙa kimanin dubu 70 suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin J.B. Marks, suna neman sule goma a yini. 'Yan sanda suka kashe aƙalla 9, suka raunata fiye da 1,200, ba a kuma ƙara musu komai ba. Sai a 1982 aka kafa ƙungiyar mahaƙa ta ƙasa mai ƙarfi, wadda Cyril Ramaphosa ya jagoranci babban yajin aikinta na mako uku a 1987. Wannan Ramaphosa shi ne ya zama shugaban ƙasa a 2018.

Yadda Aka Raba Garin

Jijiyar zinariya ta ratsa ne daga gabas zuwa yamma, ta raba garin gida biyu. Attajirai suka gina manyan gidajensu a arewa, a unguwanni irin su Parktown, nesa da ƙura da ƙarar injuna. Itatuwan da aka fara shukawa domin samun katakon tokare ramuka, da waɗanda aka jera a bakin tituna, su suka mai da arewacin birnin kamar kurmi. Talakawa kuwa aka tura su kudu, bayan tsibin ƙasar da aka tono.

A 1904 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a wata unguwar talakawa da ke kusa da tsakiyar gari. Hukuma ta banka wa unguwar wuta, ta kwashe baƙaƙen mazaunanta zuwa Klipspruit, kusa da inda ake zubar da ƙazantar gari. Wannan shi ne tushen abin da ya zama Soweto, sunan da aka ba rukunin unguwannin kudu maso yamma a 1963. Bayan jam'iyyar masu wariyar launin fata ta ci zaɓe a 1948, an kafa dokar raba unguwanni bisa launi a 1950. Unguwar Sophiatown, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da baƙar fata ke iya mallakar gida, matattarar marubuta da makaɗa, ita ta fi shan wuya. A ranar 9 ga Fabrairu, 1955, 'yan sanda dubu biyu suka dira da asuba suka fara kwashe mutane zuwa Meadowlands. Aka rushe unguwar, aka gina wa Turawa wata a kan kufanta, aka sa mata suna Triomf, wato nasara. Sai a 2006 aka mayar mata da sunanta na asali.

Musulmin Birnin

Musulmi suna cikin waɗanda suka iso tun farkon kafuwar garin. Wasu sun zo daga Cape, jikokin bayi da fursunonin siyasa da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indunusiya da gaɓar Indiya, suna sana'ar ɗinki da gini da tuƙin keken doki. Wasu kuma fatake ne daga yankin Gujarat na Indiya. Tun 1885 dokar Transvaal ta hana mutanen Asiya zama 'yan ƙasa, ta kuma hana su mallakar fili sai a wuraren da aka keɓe musu. Duk da haka sun kafa shaguna da makarantu da masallatai, ciki har da masallacin Juma'a na titin Kerk da ke tsakiyar birnin.

Mutane da yawa sun san cewa a Johannesburg ne Gandhi, wanda ya buɗe ofishin lauya a garin a 1903, ya fara gwagwarmayarsa ta bijirewa ba tare da makami ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rawar da Musulmi suka taka a cikinta. A 1906 gwamnati ta fito da dokar da ta wajabta wa Indiyawa yin rajista da dangwala yatsu. A taron da aka yi a gidan wasan Empire ranar 11 ga Satumba na shekarar, wani ɗan kasuwa, Haji Habib, shi ne ya miƙe ya rantse da Allah cewa ba zai bi dokar ba, daga nan taron ya ɗauki alkawarin a matsayin rantsuwa. A ranar 16 ga Agusta, 1908, a harabar masallacin Hamidiya aka tara takardun rajista fiye da dubu biyu a cikin wata babbar tukunya aka cinna musu wuta. Limamin masallacin, Abdulƙadir Bawazir, ya sha ɗauri. Wani attajiri kuma, Ahmad Muhammad Cachalia, Turawan da ke binsa bashin kaya suka ba shi zaɓi, ko ya janye daga gwagwarmayar ko su karya kasuwancinsa. Ya zaɓi karayar, daga baya kuma aka biya kowane mai bin bashi haƙƙinsa cif.

Dokar raba unguwanni ba ta ƙyale su ba. An rushe unguwar Pageview, wadda mazaunanta ke kira Fietas, aka kwashe su zuwa Lenasia mai nisan kusan kilomita 30, masallatan kawai suka saura a tsaye a cikin kango. Ahmad Kathrada ya yi shekara 26 a kurkuku, 18 daga ciki a tsibirin Robben tare da Mandela. Ahmad Timol, malamin makaranta ɗan shekara 29, ya mutu a 1971 bayan ya faɗo daga hawa na goma na hedikwatar 'yan sanda ta John Vorster Square. Hukuma ta ce kansa ya kashe, iyalansa suka ƙi yarda. Bayan shekara 46, a 2017, kotu ta sake bincike ta tabbatar cewa azabtar da shi aka yi, sannan aka kashe shi. A yau unguwar Mayfair cike take da Musulmin Somaliya da na wasu ƙasashe, a Midrand kuma akwai babban masallacin Nizamiye da wani attajirin Turkiyya ya gina, aka buɗe a 2012.

Faɗuwar Wariya

Garin da aka gina a kan raba mutane shi ne kuma ya haɗa su. A nan Nelson Mandela da Oliver Tambo suka buɗe ofishin lauyoyinsu a 1952. A Kliptown aka amince da Kundin 'Yanci a ranar 26 ga Yuni, 1955. A wata gona da ke Rivonia aka kama jagororin gwagwarmaya a 1963, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a 1964. A ranar 16 ga Yuni, 1976, ɗaliban Soweto suka fito zanga-zangar ƙin koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe wuta. Hoton Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, ana ɗauke da shi jina-jina ya zagaya duniya, kuma ɗaruruwa suka mutu a watannin da suka biyo baya. A wannan shekarar ce gwamnatin Najeriya ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, wanda ma'aikata da ɗalibai suka zuba kuɗi a ciki. An soke dokar fas a 1986, aka yi zaɓen gama-gari na farko a 1994. Tsohon kurkukun garin, inda aka taɓa tsare Gandhi da Mandela, a harabarsa aka gina Kotun Tsarin Mulki, wadda aka buɗe a 2004.

Bayan Zinariya Ta Ja Baya

An ƙiyasta cewa an haƙo fiye da tan dubu 40 na zinariya daga yankin Witwatersrand. Haƙar ta kai ƙololuwa a 1970, lokacin da ƙasar ta fitar da kusan tan dubu a shekara guda. A 2007 Sin ta karɓe matsayi na ɗaya a duniya, daga baya Ghana ta sha gabanta a Afirka, kuma a 'yan shekarun nan abin da take fitarwa bai wuce kusan tan ɗari ba. Manyan ramukan cikin birnin an rufe su tun shekarun 1970. Waɗanda suka saura suna can yamma, kamar Mponeng da ke kusa da Carletonville, mai zurfin kusan kilomita huɗu, inda dutse ke da zafin da sai an tura ƙanƙara ƙasa kafin mutum ya iya aiki.

Birnin bai mutu ba, domin kafin zinariyar ta ragu ya riga ya zama cibiyar bankuna da masana'antu da sadarwa. Amma dukiyar ta ƙaura arewa zuwa Sandton, inda kasuwar hannun jari ta koma a 2000. Daga dogayen benayen Sandton ana hango rumfunan kwanon Alexandra, babbar hanya ce kawai a tsakani. A tsohuwar tsakiyar gari kuwa akwai benaye da masu su suka yi watsi da su, 'yan daba suka mamaye suna karɓar haya daga marasa galihu. A ɗaya daga cikinsu gobara ta kashe mutum 76 a ranar 31 ga Agusta, 2023.

Ramukan ma sun bar nasu gadon. Iska na kwaso ƙura mai guba daga tsibin ƙasar da aka tono tana watsa wa unguwannin talakawa, kuma tun 2002 ruwa mai tsami ya fara ɓulɓulowa daga ramukan da aka daina zuƙe wa ruwa a yammacin yankin. Garin kansa da ruwan kogin Vaal da na tsaunukan Lesotho yake rayuwa. Tsofaffin mahaƙa masu ciwon huhu sai a 2018 suka cimma yarjejeniyar diyya ta Rand biliyan 5 da manyan kamfanoni, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Matasa marasa aikin yi, waɗanda ake kira zama-zama, suna shiga ramukan da aka yasar suna kwana watanni a ciki. A Janairu 2025 an fito da gawa 78 daga wani rami a Stilfontein, bayan 'yan sanda sun daɗe da toshe hanyar kai musu abinci. Sannan ga ƙyamar baƙi. A Mayu 2008 rikicin da ya faro daga Alexandra ya ci rayuka 62, a Satumba 2019 kuma sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya a jirgi zuwa gida. Wannan abin takaici ne a garin da guminsa na farko na 'yan Mozambik da Lesotho da Malawi ne.

Kammalawa

Johannesburg ta nuna cewa garin ma'adini na iya wuce ma'adininsa ya rayu, idan an juya dukiyar zuwa jami'o'i da masana'antu da hanyoyi. Ta kuma nuna cewa yadda aka raba dukiya tun farko yakan daɗe fiye da dukiyar kanta. An soke dokokin wariya fiye da shekara talatin da suka wuce, amma har yanzu mai aikin gida daga Soweto yakan yi sammako ya bi doguwar hanya zuwa unguwannin arewa, ta gefen tsibin ƙasar da kakansa ya tono.

Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. Jos ta tashi a kan kuza, ta kuma gaji tafkunan da haƙar ta bari. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin rami ya yi zurfi su ne waɗanda mutanen Johannesburg suka makara wajen yi: wa zai shiga ramin, nawa za a biya shi, wa zai yi jinyarsa idan huhunsa ya lalace, kuma wa zai cike ramin idan an gama. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a wajen neman halaliyarsu.